Ba Cinya Ba, Ƙafar Baya: Amsa Ga Masu Cewa "Ɗanɗanawa Kawai Muke Yi"



Wata ɗabi'a ta shigo tsakanin matasan ikkilisiya, kuma da yake ta shigo sanye da kaya masu tsabta, babu wanda ya tare ta a bakin ƙofa. Ita ce ɗanɗana jan ruwan inabi. Sai ka buɗe WhatsApp ko Instagram ka ga ɗan'uwa ya ɗora hoton kofin gilashi mai doguwar ƙafa, ya rubuta cewa wannan yana da zaƙi-zaƙi, yana ƙanshin katako, ga shi kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wata 'yar'uwa ta amsa cewa ita ta fi son na Sifen, domin na Afirka ta Kudu yana kama mata harshe. Waɗanda suka yi karatu a waje, ko suke aiki a Abuja da Legas inda akwai gidajen abincin Asiya, sun ƙara da giyar shinkafar Japan da ake kira sake, suna gardama ko da ɗumi ta fi daɗi ko da sanyi. In ka yi magana, amsar ɗaya ce: "Ai mu ba mashaya ba ne. Ɗanɗanawa kawai muke yi."

Mu ba mu yarda da wannan amsa ba, kuma za mu faɗi dalilanmu a fili. Abin da ake kira ɗanɗanawa shan giya ne da aka canza wa suna. Ba cinya ba, ƙafar baya. Za mu bi maganar ta lissafi, ta kasuwa, ta lafiya, sannan ta Maganar Allah, domin wanda ya ƙi ɗaya ya gamu da ɗaya.

Mu fara da abin da ke cikin kwalba

Kwalbar ruwan inabi da aka saba sayarwa tana cin mililita 750. Ku juya ta ku karanta takardar da ke jikinta. Yawancin jajayen suna da barasa kashi 12 zuwa 14 cikin 100. Mu ɗauki 13. Wato a kwalba ɗaya akwai tsantsar barasa wajen mililita 97. Babbar kwalbar giya irin ta mashaya mililita 600 ce, ƙarfinta wajen kashi 5 cikin 100, wato tsantsar barasa mililita 30. Ashe kwalba ɗaya ta jan ruwan inabi ta fi manyan kwalaben giya 3. Mutum biyu da suka zauna "ɗanɗanawa" har suka ga gindin kwalba, kowannensu ya sha fiye da babbar kwalba ɗaya da rabi. Da a ce kwalaben giya aka jera a gabansu, da kunya ta hana su ɗaukar hoto.

Giyar sake ta fi haka ƙarfi. Yawancinta kashi 15 zuwa 16 ne cikin 100, kwalbarta kuma mililita 720. Ku yi lissafin da kanku, za ku samu wajen manyan kwalaben giya 3 da rabi. Ana shan ta a ƙananan kofuna masu kama da na wasan yara, tana da haske kamar ruwa, shi ya sa mai sha ba ya iya ƙirga abin da ya wuce maƙogwaronsa.

Burukutun da ake yi wa kallon raini yawanci bai kai rabin ƙarfin jan ruwan inabi ba. Hanta ba ta duba kofi, ba ta kuma san ƙwarya ba. Sinadarin da ke sa maye iri ɗaya ne a cikin duka, ko daga inabi ya fito, ko daga shinkafa, ko daga dawa.

Me ake ɗanɗanawa ma tukuna?

A ƙasashen da ake noman inabi, ɗanɗano sana'a ce, kuma masu ita suna da ƙa'ida. Suna duba launi, su shinshina, su kurɓa, su juya shi a baki, sannan su tofar a cikin wani mazubi da aka ajiye musamman domin haka. Suna tofarwa ne domin sun san in sun haɗiye, kafin su kai ga kofi na goma harshe ya daina aiki, kai kuma ya yi nauyi. To, a cikin masu ɗora mana hotuna, wa ya taɓa ganin mazubin tofi a gefensa? Wanda ya haɗiye ya sha. Hausa ba ta da wata kalma dabam domin wannan.

Ko a wajen gwanayen ma, labarin ƙanshi da ɗanɗano bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A shekarar 2001, a Jami'ar Bodo ta ƙasar Faransa, Frédéric Brochet da abokan aikinsa sun ba ɗalibai 54 masu karatun ilimin ruwan inabi farin ruwan inabi da aka rina ja da rini marar ƙanshi. Ɗaliban suka siffanta ƙanshinsa da kalmomin da ake siffanta ja da su. Ido ya riga hanci yanke hukunci. A shekarar 2008 kuma wasu masu bincike a Kalifoniya suka ba mutane ruwan inabi iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce musu na dala 10 ne, sau ɗaya aka ce na dala 90. Mutanen suka ce mai tsadar ya fi daɗi, na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kuma ta nuna sashen jin daɗi ya fi motsawa sa'ad da aka ambaci babban farashi. In waɗanda suka yi shekaru suna koyo sun ruɗu haka, ina ga wanda ya koyi kalmomin a bidiyon minti ɗaya?

Sannan ku san yadda ake yin mai arahar. Kada ku zana wa kanku hoton wani tsoho a ƙauyen Faransa yana jiran ganga ta shekara. Da yawa daga ruwan inabi mai araha ana loda shi ne a cikin wata ƙatuwar jakar roba mai cin lita 24,000 a cikin kwantena, a tsallaka teku da shi, a ɗura a kwalba a wata ƙasa, a manna masa takarda mai hoton tsohon gida. Ƙanshin katakon da ake yabo sau da yawa daga gutsattsarin itace ne da aka jiƙa a cikin tankin ƙarfe, domin gangar katako tana da tsada. Akan ƙara ruwan inabi mai kauri da aka tsane domin launi ya yi duhu, akan bar sukari a ciki domin ya sauka ba tare da ɗaci ba. Wannan zaƙin da gangan aka sa shi, saboda an san sabon shiga ba ya son ɗaci. An auna bakin wanda ya taso da lemon kwalba, aka yi masa abin da zai karɓa.

Giyar shinkafa da rigar al'ada

Mutanen Japan suna kiran ta nihonshu. Ana yin ta da shinkafa, ruwa, yisti, da wata irin fumfuna da ake kira koji. Shinkafa ba ta da sukarin da yisti zai ci kai tsaye, sai koji ya narkar da sitacinta ya zama sukari, yisti kuma ya mai da sukarin barasa, duka a tanki ɗaya a lokaci ɗaya. Duk wanda ya tashi a inda ake dafa burukutu zai gane aikin, domin abin da tsiron dawa ke yi a can shi koji ke yi a nan. Hatsi ne aka ruɓar da dabara.

Ba mu raina gwanintarsu ba. Akwai sake mai daraja da ake surfe shinkafarsa har sai kashi 60 cikin 100 na ƙwayar ya rage, ana kiransa ginjo, wanda aka surfe har rabi ko ƙasa da haka kuma daiginjo. Garuruwa irin su Nada a Kobe da Fushimi a Kiyoto sun yi suna a kai tun ɗaruruwan shekaru. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa sana'ar cikin al'adun duniya da ake adanawa. Amma wanda ake samu da araha ba wannan ba ne. Mafi yawan abin da ake sha a Japan shi ne na yau da kullum, futsushu, wanda ake ƙara wa tataccen barasa, wani lokaci har da sukari. Wannan hanya ta bazu ne a shekarun yaƙin duniya na biyu da bayansa, sa'ad da shinkafa ta yi ƙaranci, har aka riƙa ninka giyar sau uku da ƙari. A 1964 kamfanin Ozeki ya fito da kofin gilashi mai murfi, mililita 180, wanda ake saya a sha a tsaye. Kofin nan ɗaya ya kusa babbar kwalbar giya ɗaya.

Al'adar shan ta ma tana da tarko. A can ba kai ke zuba wa kanka ba, na kusa da kai ne ke zuba maka, ƙarami ya zuba wa babba, kuma ƙin karɓa yakan yi nauyi, musamman a zaman ma'aikata bayan tashi daga aiki. Har Japanawa da kansu suka ƙirƙiri kalma, aruhara, domin cin zarafin da ake yi wa mutum ta hanyar tilasta masa sha. Masu tallar "al'adar Japan" a intanet ba sa kawo mana wannan ɓangaren.

Wasu za su so mu ce laifin sake shi ne ana miƙa ta a wuraren bautar Shinto. Gaskiya ne ana miƙa ta, suna kiran ta omiki, ango da amarya kuma sukan kurɓa a bikin aurensu na gargajiya. Amma kwalbar da ke kan kantar kanti ba daga bagade ta fito ba, kuma Manzo Bulus ya riga ya warware irin wannan a 1 Korintiyawa 10 game da naman kasuwa. Ba za mu kafa hujja a kan abin da ba zai tsaya ba. Matsalar ita ce barasar da ke ciki, da abin da take yi wa mai sha da na kusa da shi.

Wa ke neman bakinmu, kuma don me?

Ku tambayi kanku dalilin da ya sa bidiyon ɗanɗano ya cika waya a wannan zamani. Masu abin suna janye hannu daga gare shi. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai lura da harkar inabi ta ba da rahoto cewa abin da duniya ta sha a 2024 shi ne mafi ƙaranci tun 1961. A 2023 gwamnatin Faransa ta ware yuro miliyan 200 domin a janye rarar ruwan inabin da ya rasa mai saye, a mai da shi barasar masana'antu. A yankin Bodo kuma aka biya manoma su tumɓuke dubban hektoci na kurangar inabi. A Japan, shan sake ya kai ƙololuwa a farkon shekarun 1970, yanzu ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya bisa uku na wancan lokaci. Abin ya kai ga a 2022 hukumar harajin ƙasar ta shirya gasa mai suna Sake Viva, tana neman 'yan shekara 20 zuwa 39 su kawo dabarun da za su sa matasa su ƙara sha, saboda kuɗin haraji ya ragu.

Ɗan kasuwar da kayansa suka yi kwantai a gida, waje yake kallo. Ina kuma ya fi ƙasar da matasa suka fi yawa, waɗanda suke ɗokin a ce sun waye? Ba za a iya sayar wa ɗiyar fasto giya da sunan giya ba. Amma in aka koya mata yadda ake riƙe ƙafar kofi, aka ba ta kalmomi biyar na Turanci, aka ce wannan ilimi ne, ta shiga hannu. Mai burukutu ma ta san wannan dabara tun kaka da kakanni: takan miƙa ɗanɗano kyauta kafin a saya, domin ta san ƙarshen zancen. Ba banza Hausawa suka ce ɗanɗani haukaci ba.

"Ai yana da amfani ga zuciya"

Wannan magana tana da ranar haihuwa. A watan Nuwamba 1991 wani shahararren shirin talabijin na Amurka mai suna 60 Minutes ya yaɗa ra'ayin cewa Faransawa suna cin maiƙo amma ciwon zuciya bai dame su sosai ba, wai saboda jan ruwan inabi. Ciniki ya yi tashin gwauron zabi. Daga baya masu bincike suka gano rauni a irin wannan lissafi: a cikin waɗanda aka ƙirga a matsayin "marasa sha" akwai mutanen da suka daina ne saboda sun riga sun kamu da ciwo, sai masu shan kaɗan suka fito kamar sun fi lafiya.

Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa abin sha mai barasa a rukuni na ɗaya na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, rukuni ɗaya da taba. A watan Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a fili cewa babu wani ma'aunin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, ta kuma danganta ta da aƙalla irin ciwon daji 7, har da na mama da na hanji. 'Yan'uwa mata, ku lura da wannan, domin ku aka fi tallata wa mai zaƙi. Ga shi kuma ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu, da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Zuba barasa a kan irin wannan hanta zuba fetur ne a kan garwashi.

Araha kuma tana da nata haɗari. A Ostiriya a 1985 an kama masu zuba wani sinadari mai guba, irin dangin wanda ke hana ruwan mota daskarewa, domin ruwan inabi ya yi zaƙi. A Italiya a 1986 ruwan inabi mai araha da aka gauraya da metanol ya kashe mutum kusan 20, wasu suka makance. Mu ma mun ga irinsa a 2015 a Ode-Irele ta Jihar Ondo, inda metanol a cikin ogogoro ya kashe mutane da dama. A kasuwar da ake sake cika tsofaffin kwalabe a buga sabuwar takarda, wanda ke alfahari da cewa ya samu da araha bai san abin da ya haɗiye ba.

Kana da Timoti

Yanzu ga hujjojin da ake ɗauko wa daga Littafi Mai Tsarki. Za mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa wasu daga ɓangarenmu daɗi ba: ruwan inabin da ke cikin Littafi yana sa maye. Shi ya kwantar da Nuhu tsirara a cikin alfarwarsa, shi aka yi amfani da shi a kan Lutu, kuma Bulus ya tsawata wa Korintiyawa domin wasu suna buguwa a wurin Jibin Ubangiji. Ruwan 'ya'yan inabi marar barasa da ake iya ajiyewa a kwalba sai a 1869 aka fara shi, sa'ad da Thomas Welch, likitan haƙori ɗan ikkilisiyar Metodis a Amurka, ya dafa shi bisa hanyar Pasteur domin jibi. Zabura ta 104 ma ta lissafa ruwan inabi cikin baye-bayen Allah. Duk wannan mun sani. Wanda ya ce wa matashi mai karatu cewa ruwan zaƙi ne kawai aka yi a Kana, ranar da yaron ya gano ba haka ba ne zai zubar da sauran koyarwar tare da ita.

Amma ku duba yadda ake amfani da nassoshin. A Yohanna 2, mai bishara ya kira abin da ya faru a Kana alama, wadda ta bayyana ɗaukakar Yesu har almajiransa suka ba da gaskiya gare shi. Wanda ya karanta surar ya fito da izinin sayen kwalba ya bar Mai alamar ya kama tulu. A cikin labarin ma uban bikin ya tona asirin masu biki: mai kyau ake fara bayarwa, sai harshe ya mutu a shigo da mai araha. Mutanen wancan zamani kuma sun saba surka shi da ruwa. A 1 Timoti 5, abin da ya fito fili shi ne Timoti ruwa kaɗai yake sha, har sai da Bulus ya ba shi umarni ya ɗan yi amfani da kaɗan saboda ciwon ciki da yawan laulayinsa. Wato saurayin da ke hidimar bishara ya zaɓi ƙauracewa, sai rashin lafiya ta sa aka sassauta masa. Mai ciwon ciki a yau yana da asibiti.

Ku buɗe Karin Magana 23 daga aya 29 zuwa ƙarshe, ku karanta a hankali. Za ku yi mamakin yadda ya bi matakan ɗanɗano ɗaya bayan ɗaya: kallon jan launi, ƙyallinsa a cikin kofi, laushin saukarsa. A kan waɗannan abubuwa uku da ake yabo a bidiyo ne ya yi gargaɗi, ya kwatanta ƙarshensu da saran maciji, ya rufe da mutumin da ya sha dūka bai ji ba, yana jiran ya farka ya koma nema. Afisawa 5 ta sa buguwa da cikar Ruhu a matsayin kishiyoyi. Babu kuma wanda ya taɓa zama mashayi da niyya. Kowannensu da kurɓi ya fara, yana cewa ya san iyakarsa.

Ko da a ce kai ka san iyakarka, Romawa 14 ba ta ƙyale ka ba. Bulus ya ambaci ruwan inabi da sunansa cikin abubuwan da ya kamata a bari in za su sa ɗan'uwa tuntuɓe. A cikin zumuntarmu akwai waɗanda Ubangiji ya fisge daga goskolo da barasar leda, suna ƙirga watannin da suka yi ba su taɓa ba. Akwai waɗanda suka girma suna ɗauko mahaifinsu daga bakin hanya. Hoton da ka ɗora, su ma suna gani. Wanda ya yi wata shida yana kokawa zai ce, in ɗan ƙungiyar mawaƙa yana sha, ni wane ne? Shi kuwa ba zai sayi kwalbar kanti ba. Zai koma inda ya saba.

Mudu biyu

Akwai wani rashin adalci da dole a faɗa. A yawancin ikkilisiyoyinmu na bishara a Arewa, barin giya yana cikin alamun farko na tuba. Kakanninmu sun fasa tukwanen burukutu, sun jure gorin dangi a wurin gayya da wurin makoki saboda sun ƙi karɓar ƙwarya. Har yau gwauruwar da ke dafa burukutu domin kuɗin makarantar 'ya'yanta takan shiga ƙarƙashin horo, a hana ta jibi. Amma a bikin ɗan mai hali, sai ka ga jan ruwan inabi mai kashi 13 a kan babban tebur, an ɗaura masa kintinkiri, babu mai cewa uffan, domin sunansa da Faransanci aka rubuta. Wannan awo da mudu biyu ne, kuma wasiƙar Yakubu sura 2 ta yi magana a kan nuna bambanci tsakanin mai zoben zinariya da mai tsumma. Matasa suna gani. Abin da suke koya shi ne talauci ne laifin, giyar kuwa in ta yi tsada ta halatta. Iyayenmu dattawa, da girmamawa muke roƙo: in doka ce, ta hau kowa.

Abin da muke roƙo

Na farko, kada kwalba mai barasa ta hau tebur a kowane taro da ke ɗauke da sunan zumunta, ko bikin ranar haihuwa ne, ko sallamar amarya, ko liyafar gama makaranta. Wanda aka aika sayayya ya karanta takardar kwalba. Akwai masu kama da juna, wani babu barasa, wani akwai. In ka ga lamba da alamar kashi cikin ɗari, mayar. Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi da ruwan citta ba su taɓa kunyata mai biki ba.

Na biyu, wanda lamirinsa bai kai inda namu ya kai ba, muna roƙonsa saboda ƙauna ya daina tallar abin a waya. Ba ka san wa ke kallo ba.

Na uku, mu koyi cewa "na gode, ba na sha" ba tare da dogon bayani ba, ko a gaban shugaban wurin aiki ne, ko a ƙasar waje. Rekabawa a Irmiya 35 an jera musu kofuna a cikin Haikali, annabi ne da kansa ya miƙa, suka ƙi, Allah kuma ya yaba musu.

Na huɗu, in ɗanɗano ya riga ya zama abin da kake jira kowace Asabar, ko kana ɓoye kwalba, ko kuɗin baiko da na abinci sun fara tafiya can, kada kunya ta rufe maka baki. Ka sami Baba Fasto, ko mai ba matasa shawara, ko wani ɗan'uwa da ka amince da shi a wannan mako. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kuma kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai, ya ga likita, domin jiki yakan yi bore mai haɗari. Mu kuma da za a zo wurinmu, mu riƙe sirri, mu raka shi, kada labarinsa ya zama abin hira.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka ba mu jikin nan, ka kuma saye mu da tsada. Ka ba mu idon da zai gane tarko ko an yi masa ado. Ka riƙe 'yan'uwanmu da ke kokawa da shaye-shaye, kada 'yancin waninmu ya zama sanadin faɗuwarsu. Ka cika mu da Ruhunka Mai Tsarki. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.